Tambaya da Amsa: ɗinka wa manhajar sauti riga da zanen bekta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda mutum zai canza wa manhajar da yake aikin sauti da ita kama, ya ɗinka mata riga irin wadda ransa yake so, abin da ƴan situdiyo ke ce wa sikin. Gaskiya na ji daɗin tambayoyin nan don abin ya daɗe a raina, tun zamanin da muke zuwa kafe mu tarar da Winamp a kowace kwamfuta, kowa ya zauna sai ya canza mata riga kafin ma ya saka waƙa. Winamp ta fito a 1997, rigarta kuma ba komai ba ce illa ƴan hotuna na BMP da aka ƙunshe a fayil ɗin zip aka canza masa suna zuwa .wsz, babbar tagar duka fiksel 275 ce a faɗi 116 a tsayi. Cikin waɗanda suka ƙirƙire ta akwai Justin Frankel, kuma shi ne dai daga baya ya kafa kamfanin Cockos mai REAPER, manhajar ɗauka da haɗa sauti, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da REAPER ta zama manhajar da ta fi sakar wa mutane mara a wannan fannin. Bismillah.

TAMBAYA: Salam Malam, ni aikina zane ne a shagon buga takardu a Kano, CorelDRAW nake amfani da shi shekara da shekaru, da daddare kuma ina taɓa haɗa sauti da REAPER. Na sauko da wani tamfilet na bekta mai maɓallai da fedoji na gyara shi ya yi kyau sosai a Corel, amma da na fitar na zuba a REAPER sai komai ya yi dishi-dishi, wasu maɓallan suka miƙe kamar roba, ga wani jan layi mai ruwan hoda ya fito a gefensu. Don Allah ina na kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba wuri ɗaya ka kuskure ba, wurare uku ne, kuma duk ukun masu gyaruwa ne, amma bari na fara da tushen abin saboda sauran masu karatu. Hoto iri biyu ne a kwamfuta. Akwai na fiksel irin PNG da JPG da BMP, wanda ƴan ɗigo-ɗigo ne aka jera kamar tsakiya, in ka ja shi ya girma sai ɗigon su bayyana ya farfashe. Akwai kuma na bekta irin SVG da CDR ɗinku na Corel, shi ba ɗigo yake ajiyewa ba, lissafi yake ajiyewa, wato ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi kaza, cika shi da launi kaza, shi ya sa tambarin da ka zana ɗan ƙarami kake iya buga shi a bana mai faɗin bango bai lalace ba. To REAPER ba ta karanta bekta a rigarta, PNG take ci. Ke nan tamfilet ɗinka matsayinsa kamar takardar awo ce a hannun tela, ba ita ake sakawa ba, da ita ake yanka yadi, kuma in telan bai auna mai rigar ba duk kyan yadin a banza.

Don haka abin farko, kafin ka zana komai ka je ka auno REAPER ɗin. Shiga Options ka danna Show REAPER resource path, za ka ga folda mai suna ColorThemes, a ciki akwai fayil masu ƙarewa da .ReaperThemeZip, su ma zip ne kawai aka canza wa suna, ka kwafi ɗaya ka buɗe da 7-Zip. Za ka tarar da fayil ɗaya na .ReaperTheme wanda ke riƙe da launuka da font, sai folda cike da PNG, sai rtconfig.txt wanda a cikinsa ake rubuta inda kowane abu zai zauna da wani ɗan yare da suke kira WALTER. Sunan kowane hoto doka ne, transport_play.png shi ne maɓallin kunnawa, track_mute_off.png da track_mute_on.png su ne na yin shiru, mcp_volthumb.png shi ne kan feda a mikisa, wato abin da ake turawa sama da ƙasa don ƙara ko rage sauti, in ka canza harafi ɗaya REAPER ba za ta gan shi ba. Ka duba girman kowanne ka rubuta a takarda, sannan ka shigo da su cikin zanenka a leya ta ƙasa ka kulle ta, ka riƙa zana naka a kai. Wannan shi ne tamfilet na gaskiya, wanda aka yanka daidai jikin manhajar, ba wanda aka sauko da shi don kawai ya yi kyau a ido ba.

Kuma ka lura maɓallan REAPER hoto uku ne a jere cikin fayil ɗaya, na farko yadda yake a zaune, na biyu in linzami ya hau kansa, na uku in an danna. In maɓallin 20 ne a 20 to hoton zai zama 60 a faɗi 20 a tsayi, dole faɗin ya rabu uku cif, in ba haka ba za ka ga yana ɗan motsi gefe duk sanda ka kai linzami.

Dishi-dishin da ka gani kuwa daga rashin zama a kan fiksel ne. Ku masu aikin bugawa kun saba da milimita da inci, to a nan sai ka mayar da ma'aunin shafin zuwa fiksel, ka kunna layukan awo ka sa komai ya riƙa mannewa a kansu, kowane abu ya fara a lamba cikakkiya ya ƙare a lamba cikakkiya, kar ka bar 12.4 ko 30.7. In gefen akwati ya faɗa tsakiyar fiksel kwamfuta ba ta da yadda za ta yi sai ta raba launin biyu, rabi nan rabi can, shi ne idonka ke gani kamar hazo. Layin gefe mai kaurin fiksel 1 shi ya fi ba da wahala don a tsakiyar zanen yake hawa, rabi ciki rabi waje, sai ka matsar da shi da rabin fiksel, ko kuma ka yi abin da ni nake yi, in bar layin gefe gaba ɗaya in zana akwati biyu, babba a ƙasa ƙarami a sama.

Sai maganar ruwan hodar nan, wadda ita ce ta fi muhimmanci. Wannan layin ba ado ba ne kuma ba kuskuren mai tamfilet ba ne, saƙo ne ga REAPER. Hotunan da ake ja su miƙe, kamar bayan tirak ko ramin feda, ana zagaye su da fili na fiksel 1, a kusurwar sama ta hagu da ta ƙasa ta dama ana ja ɗan layi mai wannan launin don a ce mata daga nan zuwa nan kar ki ja, tsakiyar kaɗai za ki ja, da haka kusurwoyi masu lanƙwasa suke zama yadda suke komai faɗin tagar. Amma sai launin ya zama ja 255, kore 0, shuɗi 255 daidai ba ragi ba ƙari sannan take gane shi ta ɓoye shi. Ina kyautata zaton shafinka na Corel a CMYK yake kamar yadda kuka saba saboda injin bugawa, kuma majentar CMYK in ta koma RGB ba ta faɗawa kan waɗannan lambobin, tana yin duhu kaɗan, ido ba zai damu ba amma REAPER za ta ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na hoton, shi ya sa ya fito fili kuma maɓallan suka miƙe yadda suka ga dama. Ka buɗe sabon shafi a RGB tun farko. Sannan layin ba ya son laushin gefe ko kaɗan, in ya ɗan narke ya lalace.

Akwai wani tarko kuma a nan da ya taɓa cinye min dare guda cur. Tun REAPER 6 da ta fito a ƙarshen 2019 rigar da take zuwa da ita tana da foldoji masu suna 150 da 200 saboda manyan sikirin masu yawan fiksel, kuma a nan ne bekta ke nuna amfaninsa, zane ɗaya ka fitar da shi sau uku, a Inkscape, wata manhajar zanen bekta, 96 dpi shi ne girman asali, 144 shi ne 150, 192 shi ne 200. To amma layin ruwan hodar shi ba ya girma, kaurinsa fiksel 1 ne a kowane girma, in ka bar shi cikin zanen ka ninka zai koma 2, a 150 ma ya koma ɗaya da rabi ya narke. Sai ka ware masa leya daban ga kowane girma, ko ka fitar da hotunan ba shi ka saka shi daga baya da fensir a GIMP, manhajar gyaran hoto. Kuma ka riƙa zaɓar lambobi masu rabuwa biyu, 20 ko 22 ko 24, saboda 21 in aka ninka da ɗaya da rabi 31.5 zai ba ka, ka ga an koma gidan jiya.

Shawarata, Corel ɗinka zai yi aikin, amma ka gwada Inkscape, kyauta ce kuma SVG ne harshenta na asali, tun sigar 1.2 ta 2022 tana iya fitar da abubuwa da yawa a lokaci ɗaya kowanne da sunansa, sai ka sa wa kowane maɓalli sunan fayil ɗin da REAPER ke nema, danna ɗaya ta zubo maka su duka. In ka zuba su a folda ka nemi Theme development a jerin Actions, tagar da za ta buɗe tana da maɓallin Reload images, ba sai ka rufe manhajar ka sake buɗewa ba. Kuma don Allah kar ka ce duka za ka canza a mako ɗaya, hotunan suna da yawan gaske, fara da maɓallan kunnawa da tsayarwa da ɗauka, ka yi kwana biyu kana aiki da su ka ji yadda idonka ya karɓe su.

TAMBAYA: Malam ni FL Studio nake amfani da shi, an ce min tun da shi ma bekta ne zan iya zana nawa maɓallan in saka. Gaskiya ne? Daga wani ƙaninka a Kaduna.

AMSA: Ƙanina wanda ya faɗa maka ya faɗi rabi ya bar rabi. Gaskiya ne tun FL Studio 12 a 2015 kamfanin Image-Line na Beljiyam ya mayar da fuskar manhajar bekta, shi ya sa take girma ta ƙanƙance ba ta farfashewa, amma zanen a cikin manhajar yake a ƙulle, ba wata folda da za ka buɗe ka musanya shi. Abin da suka ba mu tun FL Studio 21 a ƙarshen 2022 shi ne Theme settings a ƙarƙashin Options, inda za ka canza launi da haske da kalar rubutu da ta mitoci ka ajiye, kuma kana iya saka hotonka a bangon baya, to nan kam zana tambarin situdiyonku da bekta ka fitar daidai girman sikirin ɗinka. In kana amfani da Control Surface, wani kayan aiki na cikin FL ɗin, akwai Control Creator da ke ba ka damar ƙera kamannin feda da nob naka, wato maɓallin nan da ake murɗawa. Iyakar abin ke nan. Ableton Live ma haka take, launi kawai ake canzawa. Ka guji fayilolin da ake yawo da su ana cewa za su canza maka FL gaba ɗaya in ka musanya wani abu a cikin foldar manhajar, bai kai ka rasa aikin mutane a kwamfutarka ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mun ɗauki sautin kalangu da kotso da gurmi a situdiyonmu muna so mu haɗa su su zama kayan kiɗa na kwamfuta a Decent Sampler, mu raba wa abokai. Fuskar nake so ta zama tamu, da dagin Arewa da launin baba. Matsalata nob, na zana guda ɗaya mai kyau amma ban san yadda zan sa ya juya ba.

AMSA: Wa alaikumus salam, kai wannan saƙon ya faranta min rai wallahi, Allah ya sa albarka, irin aikin da nake fatan gani ke nan. Sirrin nob shi ne yawanci ba juyawa yake ba, hotuna ne da yawa aka jera a tsaye cikin PNG ɗaya dogo kamar zaren fim, kana murɗawa manhajar tana nuna maka na gaba. Yawancin nob suna tafiyar digiri 270, daga wajen ƙarfe 7 da rabi na agogo zuwa 4 da rabi. In ka yi hoto 61, tsakaninsu taki 60 ke nan, kowane taki digiri 4.5. Na ce 61 ban ce 60 ba da gangan, don in adadin mara ne akwai hoto ɗaya, na 31, da zai tsaya ƙarfe 12 cak, kuma nob ɗin da ke raba sauti hagu da dama in bai tsaya tsakiya daidai ba mai aiki zai yi ta zargin kunnensa. In kowane hoto 64 ne a 64, dogon zai zama 64 a faɗi 3904 a tsayi. Wasu suna yin 128 saboda MIDI daga 0 zuwa 127 take ƙirga, amma in nob ɗin babba ne fayil ɗin sai ya yi nauyi, kuma kwamfutocin da yawancinmu ke aiki da su ba sa son wannan, 61 ya isa ido ya ga santsi.

A Inkscape ka raba nob ɗin gida biyu, jiki daban, ɗan layin da ke nuni daban. Jikin da haskensa da inuwarsa ba sa juyawa, don fitilar ɗaki ba ta bin nob in an murɗa shi, wannan kuskuren shi ya fi tona asirin sabon hannu, ka ga haske yana zagaye kamar fanka. Layin nunin kaɗai zai juya. Ka haɗa shi da wani da'ira marar launi mai girman nob ɗin su zama ƙungiya ɗaya saboda ya juya a kan cibiya, ka fara karkatar da shi zuwa inda zai soma, sannan Edit, Clone, Create Tiled Clones, layi 61 ginshiƙi 1, a shafin Rotation ka sa 4.5 ga kowane layi. Jikin ma ka yi masa haka amma ba juyi. Daɗin kulon, wato waɗannan kwafin masu bin na asali, shi ne in gobe ka ce shuɗin ya yi duhu, na asalin kawai za ka taɓa sauran duka su bi shi. In wannan ya yi maka tsawo akwai KnobMan, ƴar manhaja ta kyauta da wani ɗan Japan ya yi musamman don wannan aikin, za ka iya shigo da zanenka ciki ta jera maka.

A Decent Sampler fayil ɗin .dspreset rubutu ne na XML da Notepad ma ke buɗewa, a wajen nob ɗin za ka nuna sunan hoton a customSkinImage, adadin hotunan a customSkinNumFrames, ka faɗa masa a tsaye suke. In ka ga nob yana tsalle yana nuna rabin wani hoton, to adadin da ka rubuta bai yi daidai da na cikin PNG ba, ko tsayin bai rabu cif ba. Kontakt ma, wata manhajar irin Decent Sampler, zaren hotuna take amfani da shi, sai dai ita ɗan fayil na txt mai suna iri ɗaya da hoton ake ajiyewa a gefensa.

Game da adon kuma, dagin Arewa kamar don bekta aka yi shi, ka zana kashi ɗaya cikin huɗu ka juya ka maimaita, sai saƙar hawa da shiga ƙarƙashi da za ka bi a hankali. Amma ka bar shi a bango ko a kusurwa, kar ka cusa shi a kan nob mai fiksel 64, zai dunƙule ya zama tabo. Ka kalli babbar riga mai aska takwas, aikin yana ƙirji da aljihu, sauran yadin an bar shi ya huta, haka fuskar kayan kiɗa take so. Launin baba irin na marinar Ƙofar Mata zai yi kyau ƙwarai a bango, in ka ɗora masa rubutu fari mai ɗan ruwan madara da nuni ruwan ɗorawa, amma kar ka sa ja a kan shuɗi mai duhu, yana wahalar da ido.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, daga Damagaram nake rubuto maka. Na rubuta sunayen maɓallai da Hausa, Ɗauka, Ƙara, Tsaya, amma da na buɗe a wata kwamfutar sai ƙ da ɗ suka koma akwati. Ƴar'uwarka ce mai karanta filin nan kullum.

AMSA: Barka kadai Malama, a gaida mutanen Damagaram. Font ɗin ne ba shi da haruffanmu masu ƙugiya, ko kuma yana da su amma babu shi a ɗaya kwamfutar. Ki zaɓi wanda aka tabbatar yana da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ɗin da kuke rubutawa a Nijar, kamar Noto Sans ko DejaVu Sans ko Andika da Charis na SIL, duka kyauta ne. In kin gama rubutun ki mayar da shi zane, a Inkscape Path sannan Object to Path, a Corel Ctrl da Q, daga nan ya daina zama rubutu ya zama siffa, ko'ina aka buɗe haka zai fito. Amma ki ajiye kwafin da ba a mayar ba, don in kika ga kuskuren harafi daga baya ba ya gyaruwa sai an sake. Wasu manhajojin ma dole ne a yi haka, manhajar ƙirƙirar sauti ta VCV Rack misali SVG take karantawa kai tsaye a fuskar na'urorinta amma ba ta nuna rubutun da ba a mayar zane ba sam. Ki kula da ƙugiyar a ƙaramin rubutu, in ya yi ƙasa da fiksel 10 ko 11 ɗ da d sai su zama ɗaya, gara ki ƙara girman ko ki yi da manyan baƙaƙe. Abu ɗaya kuma, riga ba ta fassara manhaja, in REAPER ce kike so jerin umarninta su koma Hausa wannan aikin wani fayil ne daban da ake kira langpack.

TAMBAYA: Oga ni DJ ne, biki da suna da kamu nake zuwa, Mixxx nake amfani da shi a laftof. Da rana a waje ba na ganin komai saboda baƙar fuskar. Na buɗe SVG ɗin na canza, na ƙara inuwa mai laushi, a Inkscape tana fita a Mixxx babu ita.

AMSA: Oga DJ sannu da fama da rana. Ka yi sa'a don Mixxx na cikin waɗanda ke cin SVG kai tsaye, ita da manhajar kiɗa ta Surge XT, ba sai ka fitar da PNG ba, rigunanta irin su LateNight da Deere da Tango folda ce mai skin.xml da fayil na QSS mai riƙe da launuka da tarin SVG. Sai dai injin Qt da take nuna zanen da shi ba duk abin da Inkscape ta iya ya iya ba, an gina shi ne a kan ƙaramin ma'aunin da ake kira SVG Tiny, shi ya sa inuwa mai hazo da sauran tace-tace kan ɓace. Ka yi inuwar da launi mai narkewa daga baƙi zuwa babu, ko ka sa siffa baƙa mai shara-shara a ƙasa ka ɗan gusar da ita, sannan ka ajiye a matsayin Plain SVG. Ka yi aikin a kan kwafi mai sabon suna, in ba haka ba ranar da ka sabunta manhajar aikinka ya tafi. In ka tayar da Mixxx da --developer za ka samu damar sake loda rigar nan take kana gani.

Amma maganar rana, inuwa ba za ta taimake ka ba, ita ma cire ta za ka yi. Abin da kake bukata bango mai haske, rubutu baƙi mai kauri, maɓallan Play da Cue manya, kuma bambancin kunne da kashe kar ya tsaya a launi kaɗai, siffar ma ta canza, cikakke in yana kunne, fanko in yana kashe, don a tsakar rana ja da kore duk toka-toka suke komawa, ga kuma mutanen da dama can idonsu ba ya raba su. Yawancin launukan a QSS suke ba a SVG ba, can za ka fi daɗewa. Ka fita da laftof ɗin tsakar gida da azahar ka gwada kafin ranar biki. Abokan aikinka masu VirtualDJ su nasu zip ne mai XML da PNG, to su sai su bi hanyar da na faɗa wa mai tambaya ta farko, a zana da bekta a fitar da hoto.

TAMBAYA: Malam in na sauko da tamfilet kyauta na gyara shi na yi sikin, ya halatta in sayar?

AMSA: Ya danganta da sharaɗin da mai shi ya gindaya, kuma kyauta a sauke ba ta nufin kyauta a sayar. Ka nemi lasisin kafin ka taɓa zanen. In CC0 ne, kamar zanukan Openclipart, yi yadda kake so. In CC BY ne za ka iya sayarwa amma dole ka ambaci sunan mai shi. In ka ga NC a jiki to ba ciniki. Mixxx da Surge XT a ƙarƙashin lasisin GPL suke, don haka in daga kayansu ka gina ka duba sharaɗin rigar da ka ɗauka, galibi za a nemi ka bar wa na bayanka irin damar da aka bar maka. Shafuka irin su Freepik suna barin ka yi amfani da zane cikin aikinka tare da ambaton su in a kyauta ka ɗauka, amma ba su yarda ka sake raba fayil ɗin kansa ba, kuma sikin abu ne da kowa ke iya buɗewa ya kwashi hotunan ciki, don haka ni dai ba zan gina abin sayarwa a kai ba. Rigunan REAPER da mutane ke sakawa a rumbunsu na stash kuwa, in ba a rubuta komai ba ka tura wa mai ita saƙo ka nemi izini, mutum ya yi watanni yana jera fiksel, haƙƙinsa ne, kuma da yawansu in ka tambaya da ladabi za su amince. Kar kuma ka ɗora tambarin Yamaha ko SSL ko wani kamfani don sikin ɗin ya yi kama da mikisarsu, wannan alamar kasuwancinsu ce. Font ma yana da nasa lasisin, waɗanda na lissafa wa Malama a sama irin Noto da Andika da Charis a ƙarƙashin lasisin OFL suke, za ka iya amfani da su a abin sayarwa. In kuma ka auno manhajar da kanka ka zana maɓallanka tun daga farko, tamfilet ɗin naka ne, sai ka sa masa farashin da ka ga dama, ka haɗa da ɗan fayil na rubutu a ciki mai faɗin abin da ka yarda mai saye ya yi da shi da wanda ba ka yarda ba.